Shekarar da Ajingi Ta Cire Mana Gyaɗa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai mai jar hula, da kai nake. Kun zo kun ce in miƙa muku usur, wai za ku karɓi horar da yaran ƙwallon kwando tunda ni gwiwa ta ƙi. To madalla. Na tambaye ku me kuka sani a aikin, sai kuka nuna mini bidiyon wasu ƙatti na ƙasar waje suna tashi sama suna lilo a jikin zobe. Ɗayanku har da cewa, "Ai Koci, aikin ba wuya, tsayuwa ce a gefen fili kana ihu." Tsayuwa a gefe! Kai, Allah ya shirya. Ku gyara zama.

Ni Habu da kuke ce wa Koci, malamin wasanni na yi a firamare har na yi ritaya, kuma duk tsawon shekarun nan ƙungiyar kwando ta garin Gaya a hannuna take. Ba gado na yi ba. A wurin Saja Tanimu na koya, wani tsohon soja da ya dawo gida da ƙwallo ɗaya da usur da zafin rai. Shi ya bi gida-gida yana roƙon siminti har aka daɓe filin nan da kuke zaune a bakinsa. Ranar da na je na ce ina son in koya, ko kallona bai yi ba. Tsintsiya ya nuna mini.

Shara ce aikin farko, kuma har gobe ita ce. Kashin awaki, ƙaya, tsakuwa. In kaka ta yi kuwa sai Allah, don babu wani daɓe mai faɗi a unguwar nan sai namu, mata su aiko a shanya barkono da kuɓewa tun daga wannan kwando har wancan. Ba ka isa ka kwashe wa mace shanya ba. Sai ka bi ƙofa-ƙofa kana sallama, kana "Inna a yi haƙuri, la'asar ta yi." A kwashe, ka share, amma yajin yana nan maƙale a simintin. Ɗan wasa ya buga ƙwallo, ya goge gumi da hannu, sai ka ga ƙato yana hawaye yana lalube yana neman buta.

Sai ita ƙwallon. Da famfon keke muke ba ta iska, allurar kuwa guda ce tak, Saja yana soke ta a hularsa. Ka jiƙa ta da yawu kafin ka soka, in ba haka ba ka yaga bakin, ƙwallo ta tashi aiki. Iskar da ka ba ta da safe ba ita za ka bar mata da rana ba, zafin simintin nan kumbura ta yake yi ta riƙa tsalle kamar ɗan akuya. Da kunne ake ganewa. Saja yana zaune can gindin darbejiya, ya ji bugu ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "Habu, wa ka hura wa ganga?" Raga mu muke saƙa ta da zaren buhu. Allo katako ne, gara tana sonsa kamar me, dole ka riƙa shafa wa gindin turken baƙin mai. Zobe in ya karkace ka kwance shi ka ɗora a keke ka kai wa mai walda, ka tsaya a kansa, don in ka bar shi sai ya ƙera maka murhu. Usur kuwa na daɗe ban taɓa shi ba. Saja cewa yake usur ba ya koya wa kowa komai, tsayar da mutane kawai yake yi.

Ba ni kaɗai nake sharar ba. Akwai wani siririn yaro mai baki da yake tuƙo keke daga Ajingi, sunansa Isyaku. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin mai son a ce shi ya fi ba kamarsa. In shara muke, sai ya ja layi da ƙafa ya raba filin biyu, ya ce mu ga wa zai riga. In ruwa za mu ɗebo, tsere. Ko rake muke sha sai ya ƙirga gaɓa. Da Saja ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni na riƙe Gaya, Isyaku ya koma garinsu ya kafa tasa ƙungiyar. Daga nan ya zama duk shekara in an shiga kaka sai mun kara, bana a wurinsu, baɗi a wurinmu. Wanda aka ci, shekara guda zai yi yana kauce wa kasuwar Ajingi, don ko mai sayar da ƙuli sai ya tsokane shi.

To ga abin da wayarku ba za ta gaya muku ba. A wannan aiki, yaron da kake horarwa ba shi ne mutuminka ba, ubansa ne. Yaro ai yana so. Uban ne zai dube ka ya ce, "Wato in bar gonata ciyawa ta cinye, shi ya je yana jefa ƙwarya a rariya?" Da damina samari suna gida, amma gona ta riƙe su. Da rani suna da lokaci, amma sun tafi ci-rani, wannan yana tura ruwa a Kano, wancan yana acaɓa a Kudu. Ɗan tsakanin nan na kaka shi ne namu, shi ma ana rububinsa da girbi. Saboda haka rabin aikina a zaure na yi shi, a durƙushe, ina gaida dattawa. Na je suna, na je jana'iza, na kai wa wani maganin ciwon baya, na rubuta wa wani wasiƙar neman taki. Duk don in samu aron ɗan mutum daga la'asar zuwa magariba.

Shekarar da nake son ku ji labarinta, ruwa ya yi jinkiri, gero bai yi abin kirki ba. Samari suka ga ba abin zama, suka fara sulalewa tun kafin a yi girbi. Yau a ce wane ya tafi, gobe a ce wane ya bi shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, iska ta zo ta karya mana allo ɗaya, na yi ta fama kafin na samu katako. Da na duba wanda ya rage mini, mutum biyar ne cif. Kun dai san da biyar ake shiga fili. In ɗaya ya yi mura, ba wasa.

Ana cikin haka Alhaji Sule, shugaban kwamitin unguwa, ya aiko kirana. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ɗan kasuwa ne. Ya ce, "Malam Habu, 'yan hatsi suna neman wurin da za su gina sito, ga daɓe a kwance ba kowa a kai sai awaki. Wasan nan naku ya mutu, a yi masa sutura." Na ce bai mutu ba. Ya ce to shi ba ya jayayya. Bana mu ne masu masauki, in 'yan Ajingi sun zo an yi wasan an gama shi kamar yadda aka saba, zai san da sauran numfashi, ya ba 'yan hatsi haƙuri. In ba a yi ba, tifa za ta juye yashi. Kuma ba halin in ɗaga ranar, don biyu daga cikin biyar ɗin nawa sun riga sun ɗaure kaya, wasan kawai suke jira su hau mota.

Na biyar ɗin shi ne Sabi'u, ɗan ƙauyen Balan, nan ƙasar Gaya. Dogo ne, in zai shiga zaure sai ya sunkuya, ga hannu kamar faranti. In ya tsaya a gindin kwando ya ɗaga hannuwan nan, sai dai ka nemi wata hanya. Ba shi da hayaniya, kunya gare shi kamar sabon suruki. Ana saura 'yan kwanaki wasa, Sabi'u bai zo fili ba. Washegari ma shiru. Na hau babur na nufi Balan.

Na tarar da mahaifinsa, Baba Haladu, a ƙofar gida a kan tabarma, ya ɗaure ƙugu da rawani don ciwon baya. Muka gaisa, na kawo maganata. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna gabas da sandarsa.

"Ka ga gonar can? Gyaɗa ce. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tauri. Yayyensa duk sun tafi nema, ni ga yadda nake. In aka ƙara kwanaki, ka ja ganye ya biyo ka, 'ya'yan su zauna a ƙasa. Geron bana ka san yadda ya yi. Gyaɗar nan ita ce tuwon gidan nan."

Na ce, "Baba, yini ɗaya ne kawai."

Ya ce, "Yini ɗayan ne ba ni da shi, Malam. Ranar da aka cire ta ƙarshe, ka zo ka ɗauke shi, ko rijiya za ka jefa shi."

Me zan ce? Gaskiya ya faɗa. Washegari na tattaro sauran huɗun muka je da fartanyoyi. Wallahi tun hantsi muke haƙa har rana ta karkata, da na miƙe na duba, ko kusurwa ɗaya ba mu ci ba. Gonar ba ƙarama ba ce, ƙasar kuma sai ka sa ƙarfe ka ɓanɓare kafin ka ja. Su ma yaran kowa ubansa yana jiransa da tasa gonar. Na dawo gida hannu duk bororo, raina a ɓace.

Ranar kasuwar Ajingi na haɗiye girman kaina na je wurin Isyaku. Na same shi a rumfar mai shayi yana cika baki kamar kullum. Na ja shi gefe na faɗa masa komai, har da maganar sito. Na ce ya taimaka mu yi huɗu da huɗu, don dai a ce an yi.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Huɗu? Ba Sabi'u?"

Na ce ba Sabi'u.

"Habu, ni na yi maka kama da mai cin mushe? Shekara guda ina koya wa yarana yadda za su zagaye dogon nan. Na sa an ɗaure tsintsiya a gora ana ɗaga musu a gindin kwando, su saba jifa ta samansa. Yanzu ka zo ka ce in zo in ci gurgun doki, in dawo Ajingi a ce me na yi? Ba na zuwa."

Na ce, "Filin Saja ne fa za a zuba wa yashi."

Ya ce, "Wannan kuma sakacinku ne, mutanen Gaya." Ya juya ya ci gaba da shan shayinsa.

Na hau babur ina huci. Tun daga Ajingi har gida ba irin sunan da ban kira shi da shi ba a zuciyata.

Kashegari da sassafe na koma Balan, ni da yaro biyu da na samu, don ba na iya zama. Muna cikin haƙa sai muka ji ƙugin mota. Wata tsohuwar bas ce ta baro hanya ta biyo burtali tana tangaɗi, ta tsaya a bakin gona. Ƙofa ta buɗe, samari suka yi ta dirowa, kowa da fartanya a kafaɗa. 'Yan wasan Ajingi ne kaf, har da 'yan benci, har da wasu 'yan garin Toranke da ke yi musu wasa. Isyaku ya fito ƙarshe, ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ko sallama bai yi mini ba. Ya wuce wurin Baba Haladu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce gayya suka kawo. Sannan ya taka zuwa tsakiyar gona, ya ja layi da dugadugansa, ya ɗaga murya yadda duk ƙauyen zai ji.

"Nan namu, can na Gaya! A zo a gani ko mutanen nan sun iya noma, tunda ƙwallo dai sai a hankali!"

Jama'a, kun san abin da ya biyo baya? Ni da na yi kwana da kwanaki ina roƙon a taimaka ban samu kowa ba. Amma da labari ya shiga Balan cewa ga 'yan Ajingi sun zo har gida suna cewa ba a iya noma ba, sai ga mutane suna fitowa ta ko'ina. Magidanta, samarin da suka rage, har wani mai gyaran rediyo da ban taɓa ganin ya riƙe fartanya ba. Wani tsoho ya shiga ɗaka ya ɗauko gangar noma da ta daɗe a rataye. Ƙura ta tashi. Wannan ɓangare su cire kunya guda su yi ihu, wancan su rama. Mata suna ta aiko da fura a ƙwarya, ba mai tsayawa sha sai a tsaye. Isyaku yana gaba yana haƙa yana zagina, ni ina haƙa ina rama masa. Kafin la'asar sakaliya gyaɗar nan duk tana kwance a sama, an jera ta tana shan iska. Har yau Isyaku yana cewa su suka riga, ni kuma na san mu ne, don layin nasa a karkace ya ja shi.

Baba Haladu ya rasa bakin godiya. Ya riƙe hannun Isyaku da hannu biyu yana ta sa albarka, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ranar wasa shi ma zai zo, ko a kan jaki ne, ya ga abin da ya sa mutane suka baro garinsu. Ni kuwa na koma gida ina murna, ban san an ƙulla mini wata a bayan idona ba.

Ranar wasa filin nan ya cika har kan katanga. Alƙalin wasa daga Wudil muka ɗauko, don kada a ce. Alhaji Sule yana kan kujera a gaba, Baba Haladu an shimfiɗa masa tabarma kusa da shi. Aka jefa ƙwallo sama. Sabi'u, wanda ko tsalle bai cika buƙata ba, ya tsaya yana kallo ɗan Ajingi ya ɗauke ta.

Na ce ko firgita ce. Aka ci gaba. Akwai wani gajere a cikinsu, Nura ɗan Toranke, mai saurin tsiya. Ya taho da ƙwallo ya nufi kwando, Sabi'u yana gabansa, sai na ga dogon nan ya matsa gefe kamar mai ba babba hanya a masallaci. Nura ya zura. Aka dawo wajenmu, aka miƙa wa Sabi'u a gindin kwando, ba kowa a kansa, sai ya juya ya mayar da ita baya. Wani ɗan Ajingi ya yi tuntuɓe ya faɗi, ana tsakiyar wasa, Sabi'u ya bar ƙwallo ya je ya ɗaga shi yana kakkaɓe masa riga yana "Sannu, sannu."

Na yi ihu har muryata ta dushe. "Sabi'u! Hannu sama! Sabi'u, gidan biki ka zo?" Na cire hula na buga da ƙasa. Ba ni da wanda zan sa a madadinsa, bencina ba kowa sai jarkar ruwa. Sauran huɗun suna ta haƙilo, amma ina! Kafin hutun rabin lokaci an yi mana nisa, 'yan kallonmu sun fara zamewa.

Da aka busa hutu na ja Sabi'u gefe. Na ce, "Kai, me ke damunka? Ciwo kake?"

Ya sunkuyar da kai. "Koci, Baba ne."

"Baba ya yi me?"

"Ya ce mutanen da suka sha ƙurar gonarmu, in na kunyata su a gaban jama'a bai yafe ba. Ya ce a yi musu kara."

Inna lillahi. Ku gaya mini, ku masu bidiyo, a wace waya aka nuna yadda ake warware wannan? In ce wa yaro ya take maganar ubansa? Ba zan iya ba, shi ma ba zai yi ba. In je in ce wa dattijo alherin da yake ramawa kuskure ne, a gaban mutane?

Ashe Isyaku yana bayanmu, ya ji komai. Shi ma tun ana wasan na lura ba ya murna, yaransa suna zurawa yana tsaki. Ya ratsa tsakiyar fili ya je gaban tabarmar Baba Haladu ya durƙusa, ya buɗe tafukan hannunsa biyu. Duk sun fashe, bororon gayya bai warke ba.

"Baba, ka ga wannan?"

"Na gani, ɗana. Allah ya saka da alheri."

"Baba, ba don gyaɗa na yi shi ba. Ni gyaɗa ma ƙwarnafi take sa ni. Ɗanka na zo fansa, don in kara da shi, in ci shi yana iyakar ƙoƙarinsa, ko shi ya ci ni. Yanzu ka ɗaure masa hannu ka miƙo mini. In na koma Ajingi da wannan cin, me zan ce na ci? In haka za a ƙarasa, wallahi yanzu zan kwashe yarana mu hau mota, a ce ba a yi wasa ba."

Gabana ya faɗi, don Alhaji Sule yana nan yana ji, kuma sharaɗinsa a gama wasa ne. Isyaku kuwa na san shi, in ya rantse sai ya aikata.

Baba Haladu ya dubi hannuwan. Ya ce, "Wato karar da na yi muku, zagi ce?"

"Zagi ce, Baba. Ka yi haƙuri."

"Ikon Allah. Mu a wurinmu wanda ya yi maka rana, ba ka yi masa dare."

"To ka rama mini ranar, Baba. Ka sake mini shi."

Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Sabi'u!"

"Na'am, Baba."

"Na janye. Tunda abin da suke so ke nan, ba su."

To daga nan aka fara wasa. Ku da kuke tambayar me ake ji a cikin abin nan, da kun ga wannan rabin da ba ku tambaya ba. Nura ya taho da gudunsa kamar ɗazu, ya ɗaga zai zura, sai hannun Sabi'u ya sauko a kan ƙwallon, fau! Ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo. Ihun da aka yi sai da awakin unguwa suka watse. Isyaku da aka yi wa ɓarna, shi ne ya fi kowa tsalle, yana "Yawwa! Haka nake so! Nura, ta samansa, yadda na koya maka!" Nura ya koma jifa daga nesa, tana shiga. Mu kuma duk wadda aka ɗaga wa Sabi'u sai ya sauke ta a kwando. Su zura, mu zura. Waɗanda suka zame suka dawo da gudu, har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Tazarar nan ta riƙa raguwa kamar ana jan guga.

Yarana biyar ba canji, rigunansu kamar an tsamo daga rijiya. Ɗaya ƙafarsa ta ɗaure, na murza masa, ya tashi yana ɗingishi ya koma, ko tambayarsa ban yi ba. Ni kaina ban san na shiga cikin fili ba sai da alƙali ya kore ni. Wallahi da za a ce in zaɓi wani wuri a duniya in kasance a lokacin, ba zan zaɓa ba. Na waiga na ga Alhaji Sule a tsaye a kan kujerarsa, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Baba Haladu kuwa, mai ciwon baya, sandar tana sama yana kaɗa ta, yana tambayar na kusa da shi, "Wannan namu ne? Nawa ya rage?"

Maki ɗaya ya rage tsakani, suna gaba, alƙali ya duba agogo ya kai usur baki. Ƙwallo tana hannunmu. Aka cilla wa Sabi'u, mutum uku suka rufe shi, Nura har yana rataye a hannunsa. Ya juya ya sake ta. Ta hau kan zobe, ta zagaya, ta sake zagayawa, kowa ya riƙe numfashi. Ta leƙa ciki, ta fasa, ta faɗo waje. Usur ya tashi.

Sun ci mu. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a harshena. Isyaku ya zagaye filin nan da gudu, hula ta faɗi bai sani ba, yana ihu kamar wanda aka yi wa bushara da Makka. Ya zo ya rungume Sabi'u, kansa ko ƙirjin yaron bai kai ba, sannan ya juyo ya yi mini gwalo. Mutum da furfurarsa! Sabi'u ya zauna a simintin ya rufe fuska da riga.

Sai na ga mutane suna darewa. Baba Haladu ne ya tako cikin fili, ya wuce ɗansa, ya wuce ni, ya tsaya a gindin kwandon yana kallon zoben nan kamar zai kai masa duka. Sannan ya juyo wurin Alhaji Sule.

"Alhaji, nan ne aka ce za a juye yashi?"

Alhaji Sule yana share gumi ya ce, "Ai Baba, magana ce dai ake yi."

"To a bar ta. In ka gina sito a nan, a ina za mu rama?" Ya nuna Isyaku da sanda. "Kai kuma, ɗan Ajingi, mun gode da gayya, an biya ka. Baɗi ba mu za mu je ba. Nan kuka ci mu, nan za ku dawo."

Isyaku ya ce, "Ko gobe, Baba."

Tsohon ya juyo kaina, idonsa jawur. "Malam, da asuba zan turo maka shi. Ka tsayar da shi a nan ya yi ta jifa har abin nan ya daina tofar da ita."

Na ce, "Baba, dawarka fa? Ai ba a yanke ba."

Ya buga sandar a siminti.

"Dawa ba ta da ƙafa, tana nan inda na bar ta. Ka ji yadda 'yan Ajingi suke dariya kuwa?"